Ustaz Allo-Allo da Dutsen Fasaha

Idan ana lissafin ni'imomin da Allah ya yi wa Omdurman, masu gajeren tunani da kogin Nilu suke farawa. Masu zurfin ilimi kuwa da Ustaz Sharafaddeen Ɗantsoho suke farawa, kuma suna da hujja. Nilu yakan ja baya da rani. Bakin Ustaz kuwa, tun da unguwar Dar Salam ta san shi, bai taɓa ƙafewa ba.

Bai taɓa koyar da kowa ko alif ba, amma Ustaz ne. Tabarau ya saya a kasuwar Suk al-Shabi, ya soke biro uku a aljihun jallabiya, ya naɗa rawanin da zai isa a yi wa ƙaramin yaro likkafani har a rage, sai laƙabin ya zo da kansa ya zauna. Sana'arsa hayar siwan ce, wato babbar rumfar da ake kafawa a titi in an yi aure ko rasuwa, tare da kujeru da lasifika. A nan asirin girmansa yake. Babu wanda ya taɓa gayyatarsa ya yi jawabi, amma makarafon nasa ne, kuma mai amana irinsa ba zai miƙa wa mutane na'ura bai gwada ta ba.

Yakan fara da "Allo, allo, wahid, itnen." Daga allo sai salati. Daga salati sai tarihin unguwa, da yadda shi da kansa ya ba da shawarar inda za a kafa turken wuta na farko. Kafin ya tabbatar na'urar tana aiki, shayi ya huce, miya ta daskare, tsofaffi sun yi gyangyaɗi sun farka sun sake yi. An taɓa wani zaman makoki da ya gwada na'ura har 'yan'uwan mamaci suka fara yi wa mamacin hassada. Shi yana kiran kansa Kakakin Jama'a. Jama'ar kuwa, saboda tsananin ƙauna, Allo-Allo suke ce masa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri. Ta saurare shi shekaru masu yawa, sannan wata safiya ta koma inda ba a gwada makarafon.

Duk wannan kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasar ne, lokacin da manyan masifun Dar Salam ba su wuce ɗaukewar wuta da layin burodi da jawabin Ustaz ba.

Abu ɗaya ne yake ci masa tuwo a ƙwarya. Ya lura in ya kai tsakiyar magana, daidai inda daɗinta yake, sai mutane su tashi alwala alhali lokacin salla da saura. Ya yi nazari ya gano dalilin, jahilci ne da hassada. Amma can ƙasan zuciyarsa, inda ko rawani ba ya rufewa, akwai ɗan zargi cewa gishiri ya ɗan yi ƙaranci a miyar.

Ana nan sai 'yarsa Duha, likita a wani gari mai suna Kork a ƙasar Irlanda, can bayan Ingila, ta aiko masa ya je ya ga jikarsa. A Dar Salam ba haka aka ji labarin ba. Abin da Ustaz ya sanar ta lasifika, a wajen sunan ɗan wani direba, shi ne Turai ta neme shi.

Turai ta karɓe shi da ruwan sama. Kullum yayyafi, kullum sanyi mai shiga ƙashi, ga mutane masu ladabin banza, su yi maka murmushi su wuce ba su tsaya ka yi musu bayani ba. Jikar ba ta fi wata biyar ba, ita kaɗai ce mai sauraro, ita ma da ya kai "amma ba'ad" sai ta yi barci. Ustaz ya fara ramewa. Magana ta taru masa a ƙirji kamar majina. Da Duha ta ga haka sai ta ce ranar hutunta za ta kai shi yawon buɗe ido, wata tsohuwar fadar dutse da ake kira Balarni, ba nisa da garin.

A mota ta ba shi labarin wurin tana dariya. Ta ce can ƙololuwar ginin akwai wani dutse a jikin bango, mutanen ƙasar suna cewa duk wanda ya sumbace shi zai sami daɗin baki, irin wanda zai yi maka romon baka ka tafi kana godiya ba ka sami komai ba. Ta ce wasa ne kawai, su kansu ba su ɗauke shi da gaske ba.

Kunnen Ustaz yana da wata baiwa, yakan tace magana ya zubar da tsaki. Wasa da romon baka suka faɗi ƙasa. Abin da ya shiga shi ne: akwai dutsen fasaha, kuma an taho da shi wurin.

Ya gyara tabarau ya ce, "Ya binti, ni dai Allah ya riga ya ba ni. Amma kogi bai ƙi yayyafi ba. Kuma bai dace mutum irina ya zo har ƙasarsu ya ƙi girmama musu dutsensu ba."

Fadar doguwa ce, toka-toka, gansakuka ya lulluɓe ta, babu rufi babu sarki. Matakalarta ƙunci gare ta, tana murɗawa kamar cikin katantanwa. Waɗanda suka gina ta sun yi ta ne don siraran mayaƙa, ba su yi tanadin tumbin da aka rena da wake da man ridi da tuwon asida ba. Ustaz ya shiga ya toshe ta kamar murfin kwalba. Yana hawa yana haki, bango yana gugar sa dama da hagu, a bayansa dogon layin baƙi daga ƙasashe daban-daban suna kallon dugadugan takalminsa na fatar maciji suna haƙuri da yarukansu.

Da suka fito sama, iska ta mare shi, ya ga yadda ake yi. Ashe dutsen ba a tsaye ake sumbatarsa ba. Sai ka kwanta rigingine a bakin wani rami, ka kama ƙarafa biyu, wani ma'aikaci ya riƙe ka, ka zura kai ƙasa ta baya kamar ɗan akuyar da za a feɗe, sannan ka miƙa baki. Ustaz ya leƙa ramin. Ta tsakanin ƙarafan da aka gitta ya hango ciyawa can ƙasa, da mutane ƙanana kamar ƙudaje. Nan take ilimin fiƙihu ya taso masa. Ya ce wa Duha lamarin yana buƙatar bincike, malamai sun yi saɓani.

Bai rufe baki ba wata tsohuwar Baturiya, wadda ta isa ta haife shi, ta miƙa wa jikanta sandarta, ta kwanta, ta lanƙwasa, ta sumbaci dutsen, ta tashi tana ƙyalƙyala dariya. Ta dubi Ustaz ta nuna masa wurin da hannu.

Saɓanin malamai ya ƙare. Kakakin Jama'a ya kwanta.

Abin da ya biyo baya tarihi bai kamata ya riƙe shi ba, amma ya riƙe. Da kai ya yi ƙasa, jallabiya ta bi shi, ta zame har ƙirji, ta bayyana wa duniya wandon ulu na Duha mai zanen furanni, wanda ya ara saboda sanyi. Rawani ya ga babu amfanin zama, ya saki kai, ya warware a iska, ya tafi yana kaɗawa har ya sauka a kan wata bishiya. Sanƙo ya fito yana ƙyalli a cikin yayyafi. Ustaz ya runtse ido, ya ɗaga murya ya yi kalmar shahada, ita ce huɗuba mafi gajarta kuma mafi ma'ana da ya taɓa yi. Sannan ya kai baki da ƙarfin wanda yake son a gama, leɓensa ya haɗu da dutse mai sanyi da danshi, ji kake ƙum.

A ƙasa akwai wurin da ake ba mutum hoton da aka ɗauke shi yana sumbar. Ustaz ya dubi nasa sau ɗaya, ya ce hoto haramun ne. Duha ba ta tuna masa cewa fuskarsa ce a jikin kowace motar da ke ɗaukar kujerunsa ba. Kafin su isa gida leɓen ya kumbura ya yi suntum. Ya tsaya gaban madubi yana shafa shi, ya ce, "Kin gani? Ta shiga."

Labarin da ya sauka a filin jirgin Khartoum ya fi wanda ya tashi daga Irlanda ƙiba. Kafin ya haye gada ya shiga Omdurman, fadar ta ninka tsawo. Kafin ya wuce kasuwar Suk Libya, an riga an dakatar da layin Turawa don ya fara. Da ya iso Dar Salam, mai gadin dutsen ya rungume shi yana hawaye, yana cewa tun da yake aikin bai ga leɓen da ya dace da dutsen kamar wannan ba. Rawanin kuwa kyauta ya bar musu, suna nan sun rataye shi a wuri mai tsawo don tunawa.

Malam Salahuddin, limamin unguwa, dattijo mai ƙarancin magana, ya saurari labarin a ƙofar masallaci har ƙarshensa na farko. Ya ce, "Ustaz, kakanka ya taso daga Haɗeja a ƙafa don ya sumbaci dutse ɗaya a Makka. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya mutu yana tsinkar auduga bai kai ba. Kai ka hau jirgi, ka tsallake wancan, ka je ka sumbaci na Nasara."

Ustaz ya yi murmushin tausayi irin na wanda ya ga duniya. "Maulana, wancan ibada ne, wannan ilimi ne. A Irlanda muna bambancewa."

Daga ranar gwajin na'ura ya ninka. "Kamar yadda muke cewa a Irlanda" ta shiga kowace jimla, duk da cewa abin da ya iya cewa a Irlanda bai wuce "tankyu" ba. Mutane suka fara zuwa Suk Libya suna hayar karyayyun kujerun wani, suna zama a kansu cikin farin ciki. Wasu suka koma ɗaura aure a ɓoye kamar masu laifi.

Mutum ɗaya ne ba shi da hanyar gudu. Abdulmun'im, ɗan marigayi wan Ustaz, mai walda ne a unguwar masana'antu ta Bahri, yana ƙera ƙofofi da gadaje. Ya daɗe yana son Mayada, 'yar Haj Zubairu Nagoggo, wani dattijo mazaunin Bahri da ya yi ritaya daga kamfanin sabulu. Yarinyar tana son sa, uwarta ta sani, uban ma ya sani. Amma wani ɗan dangi da ke aiki a Saudiyya ya aiko neman aurenta, kuma Haj Zubairu ya ce in mai waldan yana da manya, su zo ranar Juma'a, in ba su zo ba shi ba zai ajiye 'yarsa yana jiran iska ba. Babban da Abdulmun'im yake da shi a duniya kuwa guda ɗaya ne.

Ya zo ya durƙusa ya ce, "Baffa, don Allah kalma biyu kawai. Sunana da sunanta."

"Yaro, kai ƙarfe ka sani, ni magana na sani. Na taɓa zuwa na koya maka walda? Bakin nan da kake gani, an yi tafiya da shi."

Abdulmun'im ya fita, ya wuce wurin Malam Salahuddin ya roƙe shi ya raka su.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka haye gadar Shambat. Ustaz ya sa sabon rawani da ya fi na da, ya yi wanka da turare, ya riƙe sanda mai kan azurfa. Abdulmun'im ya tsaya a bakin titi cikin raksha, wato babur mai ƙafa uku, kamar yadda kunya ta tanada. Aka shigar da baƙi ɗakin maza, aka kawo ruwan sanyi da dabino da gahawa mai citta. Haj Zubairu ya zauna da ƙannensa biyu. Ta bayan tagar da ke kallon tsakar gida ana jin motsin mata da ƙarar awarwaro.

Ustaz ya miƙe tsaye, duk da ba a tsaye ake neman aure ba.

"Ya Haj, ya jama'ar alheri. Wanda yake gabanku ba baƙo ba ne ga duk mai kunne. Ni ne Sharafaddeen ɗan Ɗantsoho, wanda rumfarsa ta yi wa rabin Omdurman inuwa a ranar dariya da ranar kuka. Ban zo muku hannu sake ba. Ina da gida na jan bulo mai ɗaki huɗu, da tankin ruwa a sama, a unguwar da wasu ke saye a jarka. Ina da kujerun da in aka jera su za su kai nan daga Dar Salam. Kwanan nan na dawo daga Turai, inda likitoci suka auna ni suka riƙe baki, suka ce zuciyar nan ta saurayi ce."

Ya bugi ƙirji. Malam Salahuddin ya yi gyaran murya. Ustaz ya ɗauka yabo ne.

"Kamar yadda muke cewa a Irlanda, namiji ba ya tsufa, sai dai ya nuna. Kuma mene ne gida in babu mace? Rumfa ce babu turke. Ni na san wannan, ya Haj, na san shi a jikina. Tun da mai ɗakina ta rasu nake shiga gida in yi sallama bango ya amsa. Shi ya sa ban aiko kowa ba. Na taso da ƙafata, na haye kogi, domin na ji labarin a gidan nan akwai wani fure, akwai wata lu'ulu'a, kuma na rantse ba zan koma ba sai an ce mini an ba ni."

Daga nan ya shiga fadar Balarni, ya hau matakala, ya dakatar da layin Turawa. Gahawa ta huce aka sake wata. Inuwa ta tashi daga wannan bango ta koma wancan. Ya ambaci kansa, da kakansa, da mai gadin dutse, da turken wuta na farko. Mutum ɗaya ne bai samu shiga jawabin ba, yana can bakin titi yana cin farce. A bayan taga aka ji wata yarinya ta fashe da kuka an ja ta ciki. Aka kuma ji wata babbar murya ta ce a yi mata shiru tana saurare.

Da Ustaz ya zauna yana share gumi, Haj Zubairu ya miƙe. Ya ce a ba shi izini, ya shiga cikin gida. Ya jima, sannan ya dawo ya zauna.

"Ustaz, mun ji, mun gode. Mayada yarinya ce, kuma akwai wani yaro mai walda da muke jiran manyansa. Amma mutum kamarka ba ya haye kogi ya koma haka. Akwai ƙanwata Zahra. Mijinta ya rasu, ta gama takaba tun bara. Na tambaye ta, ta ce ta yarda."

Wanda duk ya taɓa shiga mota a tashar Suk al-Shabi ya san Hajja Zahra mai shayi. Ita ce wadda in ta kira mai bashin kofi ɗaya, 'yan kamasho suke yin shiru don ba a jin su. Ta binne maza biyu, duka an ce sun tafi ba su ƙarasa maganar da suka fara ba. Tun da ta dawo gidan wanta, Haj Zubairu bai ji ƙarshen labaran rediyo ba.

Ustaz ya buɗe baki. Gyaran abu ne mai sauƙi, ya ce ba ku fahimce ni ba. Amma wa zai faɗi haka? Bakin da aka yi tafiya da shi, a gaban liman, a jawabinsa mafi tsawo? Gobe Dar Salam za ta ji cewa Kakakin Jama'a ya yi magana tun la'asar har rana ta yi ja, ba a gane ko wa yake nema wa aure ba. Yana cikin wannan lissafi Haj Zubairu ya ƙara da cewa, "Ta ce ba ta taɓa jin namiji mai magana irin taka ba. Tun daga farko har ƙarshe tana jikin taga, ko tashi ba ta yi ba."

Wani abu ya narke a ƙirjin Ustaz. Daga farko har ƙarshe. Shekara da shekaru yana fesa magana a kan mutanen da ke tashi alwala, ashe mai sauraronsa tana Bahri. Dutse ya yi aikinsa. Haj Zubairu ya ɗaga hannu don Fatiha, ƙannensa suka ɗaga da saurin da ya kamata ya ba mutum tsoro, Ustaz ya ga hannuwansa sun tashi da kansu.

Da aka shafa, Malam Salahuddin ya ce, "Ya Haj, kafin hannuwa su huce. Yaron nan mai walda ɗan wan Ustaz ne, Abdulmun'im. Mu ne manyansa. Yana bakin titi."

"Ashe," in ji Haj Zubairu, fuskarsa babu ko ɗigon mamaki. "To ai da an faɗa. A kira shi."

Aka yi Fatiha ta biyu. Kukan bayan taga ya koma guɗa.

Rana ɗaya aka ɗaura auren biyu, a cikin siwan ɗin Ustaz, a kan kujerunsa. Da yake ango ba ya jawabi a bikinsa, aka ci abinci da zafinsa, abin da yaran unguwa ba su taɓa gani ba. Abdulmun'im ya tare da Mayada a Bahri. Hajja Zahra ta tare a gidan jan bulo mai tanki a sama, da tukwanenta da murhunta da muryarta.

Ba ta yi ƙarya ba, ta saurare shi daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya. Ta ɗauka kowa da ranarsa, shi ya yi tasa, saura nata. Tun daga sallar asuba maƙwabta suke jin murya ɗaya ta kan katanga, tana bayanin tsadar gawayi, da halin matan Bahri, da yadda mijinta na farko yake naɗa rawani ya fi wannan kyau. Lokaci-lokaci akan ji wata ƙaramar murya ta ce, "Kamar yadda muke cewa a Ir..." sai babbar ta bi ta kanta ta wuce kamar babbar mota. Wajen biki ma tare suke zuwa, ta zauna kusa da na'ura a ɓangaren mata, in ya kai "itnen" ta aiko a ce masa ana ji, ya zo ya ɗauke mata jaka. Duha ta bugo waya daga Irlanda ta tambayi Baba ya jiki, ya ce "Alhamdu," amarya ta karɓi wayar ta ƙarasa masa, har kuɗin kiran ya ƙare.

Yanzu a Dar Salam babu mai musun dutsen Balarni. Har Malam Salahuddin, da aka matsa masa a ƙofar masallaci, ya ce shi ba zai ba da fatawa a je ba, amma abin da ido ya gani ba a ƙaryata shi, dutsen yana da sa'a. Wuri ɗaya kawai Turawan suka yi kuskure. Sa'ar ba ta wanda ya sumbata ba ce, ta maƙwabtansa ce.